Ruwan Wankan Uwaliya

Shekara biyu bayan an sauke tutar Bature, autata Uwaliya ta dawo gida haihuwar fari daga Likoro, inda take aure. Ta zo mana da tsohon ciki a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaza sai ta wangale baki take numfashi. Ta sauka lafiya, aka sami namiji, kuma a ranar rijiyar unguwarmu ta rufta. Ban ce yaron ne ya jawo ba, amma har ya yi gemu ina yi masa tsiya da wannan.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a gefen Janfalan, ƙasar Ikara, rijiyar nan kuwa ita muke sha, ita muke alwala. Dama ta yi ƙasa, laka-laka ake kwasowa, sai gefenta ya zube ciki gaba ɗaya. Aka aika gari a turo masu haƙa, aka ce suna tafe. Ni dai na san irin wannan tafen. Rafin da ya rage da ruwa yana da nisa, in mace ta fita da hantsi sai azahar za ta dawo da tulu ɗaya, shi ma ya sha tangaɗi a hanya.

Tulu ɗaya ba ya yi wa maijego wanka. Duk wadda ta taɓa haihuwa ta sani, safe da yamma ake tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye ana fyaɗa mata a jiki, har a yi arba'in. Ni na ga abin da rashinsa ke yi. Ƙanwata Bilki haka ta tafi, aka yi mata sakaci da wanka, ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, ba ta ga yayen ɗanta ba. Saboda haka da na danna ƙafar Uwaliya bayan suna, sai na ga yatsana ya bar rami. Na koma bayan ɗaki na yi kukana inda ba za ta ji ba.

Akwai wata rijiya a ƙauyen, kowa ya san da ita, amma ba a ambatonta a gidanmu. Rijiyar Gambo ce. Shi Gambo asalinsa Bamaguje ne, ya shiga addinin Kirista tun da sauran Turawa a ƙasa, shi da matarsa Rifkatu da wasu gidaje na danginsa. Sun yi ɗan ɗakin jinka a ƙarshen gari suna kiransa majami'a, nan suke waƙoƙinsu ranar Lahadi. An sa masa suna Barnaba, bakinmu ya ƙi juyawa, muka ci gaba da ce masa Gambo, shi kuma yana amsawa.

Mijina Malam Datti shi ke jan salla a masallacin unguwa. Mutum ne mai tsoron Allah, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, amma in ya kafe a kan magana ko jaki bai kai shi ba. Wata shekara ya ga karen gidan Gambo yana lasar gugan Rifkatu a bakin rijiyar unguwa. Nan take, a gaban mata, da ƙarfi, ya ce daga ranar kada gugansu ya ƙara shiga rijiyar da ake ɗiban ruwan alwala. Rifkatu ta naɗe igiyarta ta tafi. Na ce masa ai da karen ya kora da ya wadatar, ya ce ban san hukunci ba. Gambo bai kai ƙara ko'ina ba. Shi da ƙanensa Istifanus suka haƙa tasu a bayan gida, bakin fadama, suka yi lambun albasa a gefenta, suna kaiwa kasuwar Makarfi.

To, yanzu ga 'yata tana kumbura, ga ruwa a bayan gidan wanda aka kora. Na sami Malam a zaure na faɗa masa ba kwana-kwana.

Ya ce, "In je in roƙi mutumin da na hana ruwa? Kuma da gugan da kare ke lasa?"

Na ce, "Malam, 'yarka ce fa ke kwance, ba 'yar maƙwabci ba."

Ya ɗauki butarsa ya fita.

Washegari da safe sai ga sallama, Rifkatu ce ɗauke da tulu cike da ruwa. Ta sauke, ta durƙusa muka gaisa.

Ta ce, "Inna Hajo, barka da arziki. Yaya maijego, yaya jinjiri? Na ji an ce ruwa ya yi wuya, shi ne na ce bari in kawo wannan a fara."

Kafin in buɗe baki, sai muryar Malam daga zaure, yadda kowa zai ji: "Ruwan tulunsu ba zai shiga gidan nan ba." Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Rifkatu ta ce, "Ba komai, Inna, Allah ya raya." Ta ɗora tulunta a ka ta koma da shi. Ni da ni aka yi wa haka, wallahi ko ƙishirwa za ta ƙarar da gidan ba zan sake leƙowa ba. Na ɗauka shi ke nan, an rufe mana ƙofar da ta rage.

Ranar kasuwar Makarfi, da la'asar, na ji sallamar namiji a ƙofar gida. Na laɓe a bayan zaure, don ni ba na barin magana ta wuce ni. Gambo ne, ƙafarsa duk ƙura, ya tuɓe takalmi ya tsuguna.

"Malam, barka da yamma. Ina gajiya? Yaya iyali, yaya masu jiki?"

Malam ya amsa a daƙile. Gambo ya kwance wani ƙunshi ya ajiye a gabansa: sabon guga da sabuwar igiyar rama.

Ya ce, "Malam, yau na sayo shi, bai taɓa shiga ruwa ba. Karen na ɗaure shi. Na kuma buɗe darni ta baya, ba sai an ratsa cikin gidana ba. A riƙa zuwa da wannan ana ɗiba da hannunku, in an gama a dawo da shi nan ya kwana."

Malam ya daɗe yana kallon gugan. Can ya ce, "Me za a ba ka?"

Gambo ya ce, "Haba Malam, ni na yi ruwan? Haƙa kawai na yi."

Abin nan ya tsaya mini a rai har yau. Mutum an ce ruwansa ƙazanta ne, bai tsaya gardama a kan tsarkinsa ba, bai jira a ba shi haƙuri ba, ya taka har Makarfi cikin wannan rana ya sayo abin da zai sa mai zaginsa ya iya shan ruwansa da kwanciyar hankali. Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa ban jira ba, na wuce shekarun da za a tsare ni a gida. Na shigo zauren na sunkuci gugan, na ɗauki tuluna. A yammacin nan Uwaliya ta yi wanka na sosai, tana ihu ina fyaɗa mata ganye ina godiya ga Allah.

Da mutanen unguwa suka ga matar liman na ɗiba, sai kowa ya biyo sahu, har da waɗanda suka fi Malam zaƙewa ranar da aka kori Rifkatu. Gambo bai hana kowa ba. Amma rijiyar gida ɗaya ce, ba a haƙa ta don gari ba. Kafin wani lokaci ta fara ja da baya, in an kwashe sai an jira ta tsattsafo. Sai Gambo ya tsara abin da kansa: ruwan da ya taru da asuba na maijego ne, ba mai taɓawa sai na cika tuluna, na yamma ma haka, abin da ya saura na sha ne. Albasa ba ta cikin lissafin. Kullum ina wucewa ta gefen lambun ina ganin ganyen yana kwanciya, yana komawa ruwan ɗorawa.

Wata Lahadi ina bakin rijiya, su Gambo sun taso daga majami'a, na ji Istifanus ta cikin darni yana faɗa. Bai san ina nan ba.

"Yaya, albasar nan fa da ita za mu yi haraji, da ita za mu kai damina. Saura ƙiris ta ƙosa. Za mu bar ta ta mutu saboda mutanen da suka kori matarka kamar akuya?"

Gambo ya ce, "Ka ɗauka na manta? Har yau in na tuna yadda Rifkatu ta shigo da tulu ba ruwa, zuciyata tafasa take yi. Amma kai ɗazu a majami'a ka fi kowa ɗaga murya. In dai addinin nan a ɗakin can zai tsaya, ranar Lahadi kaɗai, gara mu rushe ɗakin mu shuka dawa a wurin. An koya mana maƙwabci shi ne wanda yake bukatarka, ba a ce sai mai sonka ba."

Istifanus ya yi tsaki ya ce, "To sai mu ci haƙuri da damina."

Gambo ya ce, "Za mu ci, da miya ma."

Na ji Istifanus ya yi dariyar da bai shirya ba. Na nemi Rifkatu na ce mata zan mayar da wankan sau ɗaya a rana, a bai wa albasa na yamma. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Inna, kin ga ƙafar ta saɓe ne?" Na ce tukuna. Ta ce, "To kada ki ƙara wannan maganar, in mai gida ya ji ransa zai ɓaci."

Ana haka sai bayana ya riƙe. Tsufa da tulu ba sa shiri. Na wayi gari ko miƙewa ba na iyawa, ga tukunya a kan murhu ba ruwa. Malam ya leƙo ɗakin Uwaliya, ya ga ƙafar, ya leƙo nawa ya gan ni kwance. Sai na ji motsin guga a zaure. Malam Datti da rawaninsa, ya saɓi tulu a kafaɗa ya nufi bayan gidan Gambo. Da ba don ciwo ba, da na bi shi na sha kallo.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya tarar. Ya ce yana tafe yana shirya abin da zai ce in sun yi ido huɗu. Gambo yana bakin rijiyar, da ya hango shi sai ya ɗauki fartanya ya yi can ƙarshen fadama, ya ba da baya yana ta saran ƙasar da ba abin da ke cikinta, har Malam ya cika tulu ya tafi. Haka ya riƙa yi safe da yamma. Malam ya ce mini, "Hajo, mutumin nan kunyata yake rufewa." Shi ne karo na farko da na ji ya yi maganar Gambo muryarsa a ƙasa.

Kumburin ya fara sauka a hankali, fuska tukuna, sannan ƙafa. Ranar da aka yi arba'in Uwaliya ta fito tsakar gida ta yi shara da kanta, ta yi kitso, ta ci tuwo har da neman ƙari. Na danna ƙafarta da yatsa, na sake dannawa, ba rami. Har a lokacin masu haƙa rijiya suna tafe.

Da hantsi Malam ya sa babbar rigarsa ya ce mata, "Goyo yaron ki biyo ni." Ni ma na jawo sandata na bi su. Ya tsaya a ƙofar gidan Gambo ya yi sallama, Rifkatu ta ce yana lambu, muka wuce can. Muka same shi shi da Istifanus suna tuge busasshiyar albasa suna tarawa gefe, ko ɗaya babu ta kaiwa kasuwa. Malam ya tsaya yana kallon lambun daga wannan gefe zuwa wancan. Gambo ya karkaɗe hannu zai tsuguna, Malam ya riga shi miƙa hannu, suka gaisa a tsaye.

Malam ya ce, "Gambo, ga 'yarka na kawo ta gaishe ka. Gobe za ta koma ɗakinta."

Uwaliya ta durƙusa da goyonta ta ce, "Ina kwana, Baba."

Gambo bai dubi jinjirin ba tukuna, ƙafarta ya duba. Ya ce, "Ƙafar ta saɓe?"

Ta ce, "Ta saɓe, Baba. Da ita na tako."

Ya juya ya dubi ƙanensa ya ce, "To ka gani, Istifanus, ba mu yi asara ba."

Malam kuwa, mutumin da ke jan salla murya har bayan gari, sai ya sunkuyar da kai. Ya ja gefen rawani ya rufe fuskarsa. Ni dai ban ɓoye nawa hawayen ba, na tsaya a cikin matacciyar albasar nan ina kallon 'yata ta miƙe tsaye ba wanda ya kama ta.