Rigar Ƙaton Iowa

A garinmu na bakin tafki, da ƙanƙara ta fara narkewa a watan Afrilu, gaisuwa ta ƙare. Ko a coci ka haɗu da mutum, abin da zai ce maka shi ne, "Wa za mu ɗauka?" Lokacin ne ƙungiyoyin ƙwallon Amurka ke zama su zaɓi samarin jami'a, bi da bi, kowace da layinta. A shekarar da nake ba ku labari, tamu ce ta tara. Ta takwas kuwa maƙiyanmu ne na tsallaken tafki, masu baƙar hula, waɗanda ko ba sa son abu, in suka ji muna so, sai sun riga mu ɗauka.

Mutum ɗaya ce a unguwa ke sanin sirrin tun ana gobe: Arlene Dombek. Shekara talatin da ɗaya tana ɗinka sunaye a bayan rigunan 'yan wasanmu. Kowace Larabar zaɓe, Lyle mai kula da kayan ƙungiya yakan kawo mata riguna huɗu da sunaye huɗu, domin duk wanda aka samu a zaɓen ranar Alhamis ya tarar da rigarsa a shirye ranar Juma'a. Kuma Arlene ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Mun gwada ta da kek, mun gwada ta da kuka, ƙawarta Verna Pulaski har suman ƙarya ta taɓa yi mata a ɗakin girki. A banza.

A wannan Larabar, leda ɗaya Lyle ya ajiye.

Arlene ta ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Babu saura. Manya sun ce shi ko a fasa. Arlene, in sunan nan ya fita kafin gobe da yamma, masu baƙar hula za su ɗauke shi a gaban idonmu, ni da ke kuma mu nemi wani garin."

Da ya tafi, ta kulle ɗakin ɗinki ta warware ledar. Rigar ta rufe teburin gaba ɗaya, hannuwanta na lilo ta gefe biyu har suna neman taɓa ƙasa. Ta ɗinka wa ƙattai riga, ta ɗinka wa waɗanda sai sun karkace suke shiga mota, amma wannan sai ka ce rumfar biki. Ta jera haruffan, VANDERKOLK, guda goma cur, suka zauna a tsakiyar bayan kamar 'yan tsaki a tsakar gida. Ta ce a ranta, uwar da ta haifi wannan, Allah Ya ba ta lada.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mijinta Norb yana cikin majalisar tsofaffin da ke zama a gidan burodin Stosh. Kowace Alhamis ɗin zaɓe da tsakar rana, kowa ya ɗauki alli ya rubuta sunan da yake hasashe a baƙin allon bango. Norb ya rubuta sau goma sha tara, ya faɗi sau goma sha tara. Dokar majalisa kuma ta ce wanda ya cika ashirin a jere, zai sa baƙar hular maƙiya shekara guda, kasuwa da coci da filin wasa. Tun da aka kafa majalisar ba a taɓa samun wanda ya kai ba. Duane, tsohon ɗan gidan waya, har ya sayo hular ya rataye ta a ƙusa kusa da allon.

Da safiyar Alhamis, Arlene ta sauka ƙasa duba injin wanki. Minti biyar ne. Da ta hawo, ƙofar ɗakin ɗinki a buɗe, makulli a jiki, Norb tsaye a ciki da almakashin da ya shigo nema, baki sake, idonsa a kan teburin.

Ya ce a hankali, "Amos Vanderkolk. Ɗan ƙaramar jami'ar nan ta jihar Iowa. Wanda aka ce yana ɗaga ɗan maraƙi ya tsallakar da shi shinge." Ya shafa kafaɗar rigar da yatsa ɗaya. "Arlene, mutum ne zai shiga cikin wannan?"

"Norb, ka dube ni."

"Ba wanda ya ambace shi. Ko a rediyo."

"Na ce ka dube ni! Surukin Verna yana ɗaukar hoton allon nan ya watsa wa duniya. Kowa ya san mijin wa kake. In ka rubuta sunan da ba wanda ya zata, kafin ƙarfe ɗaya an ji a tsallaken tafki."

Ya ajiye almakashin, ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita.

Arlene ba ta taɓa taka majalisar nan ranar zaɓe ba. Ranar ta taka. Gidan burodin cike, ƙamshin kofi da soyayyen fanke, ana ta ihu. Da aka gan ta sai wuri ya yi tsit, kamar alƙali ya shigo. Verna ta matso da kujera.

"Ƙawata! Zauna nan. Ba tambayarki zan yi ba, ni ba ruwana. Harafin farko kawai."

"Ba ni kofi, Verna."

Musu ya dawo. Stosh ya bugi tebur, gari ya tashi daga hannunsa. "Mai jifan ƙwallo muke bukata! Namu na yanzu, ko matarsa ya jefa wa makulli sai maƙwabci ya cafe."

Duane ya ce, "Kai dai tsaya ga burodinka. Wane jifa zai yi alhali kafin ya ɗaga hannu an danne shi? Katanga muke bukata a gabansa, ƙaton da zai tare masa."

"To kawo katangar mu gani."

"Babu ta kirki a bana, shi ya sa na ce mai gudu. Yaron nan na jihar Jojiya. In ya zura, ko ɗan sanda sai da mota."

"Yaron Jojiya bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin lemo! A Disamba za ka ga yana kuka yana kiran uwarsa."

Aka fara rubutu. Alli ya zaga, ya zaga, ya iso hannun Norb. Duane ya ciro baƙar hular daga ƙusa yana kaɗa ta a yatsa.

"Annabin unguwa! Taho. Na sa an ɗan buɗa ta, na san kanka da girma, abin da ke ciki ne dai ba mu sani ba."

Aka bushe da dariya. Norb ya tsaya gaban allo. Arlene tana kallon bayan wuyansa, ya yi ja kamar nama. Ta san abin da sunan nan zai ba shi: Duane ya haɗiye dariyarsa, shekaru goma sha tara na tsiya su goge a yamma ɗaya. Ta ga allin ya taɓa allo ya tsaya.

Norb ya rubuta: Colby Marchetti.

Stosh ya ce, "Mai jifan Kalifoniya? Wanda hannunsa bai kai na jikata ba?"

Norb ya ce, "Yaron yana da kyan gashi."

Har Verna sai da ta faɗi a kan kujera don dariya. Surukinta ya ɗauki hoto. Arlene ba ta yi dariya ba. Kallonsa take kamar wani baƙo ne ya shigo gari, ba mutumin da ta shekara arba'in tana tsinto wa safa a ƙarƙashin gado ba.

Da yamma aka kunna talabijin. Masu baƙar hula suka ɗauki yaron Jojiya, Duane ya yi ashar. Sai aka kira tamu, aka ce Amos Vanderkolk. Aka fara "wa ne kuma wannan?", wasu har sun fara ihun ƙi, sai aka nuno shi a falon gidansu a gona. Ya miƙe daga kujera. Ya yi ta miƙewa. Mai ɗaukar hoto ya ja baya, ya ƙara ja, bai samu kansa ba. Uwarsa ta rungume shi, a iya ɗamara ta tsaya. Ba wanda ya ƙara tari a gidan burodin. Stosh ya cire hular aikinsa ya riƙe a ƙirji.

Duane ne ya fara farfaɗowa. Ya ɗora wa Norb baƙar hula, aka tafa. Norb ya gyara mata zama da kansa.

Da safiyar Juma'a Lyle ya bugo waya. "Rigar ta matse shi a hammata. Ki zo filin wasa yanzu, 'yan jarida na jira."

Arlene ta ɗauki jakar ɗinki, ta tsaya a bakin ƙofa. Tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa shiga da kowa ciki ba.

"Tsoho, sa takalminka. Ina son mai riƙe min igiyar awo."

Sai da Amos ya sunkuya kafin ya shigo ɗakin kaya, ɗakin kuma ya yi duhu. Ya miƙa wa Arlene hannu, nata ya ɓace a ciki har wuyan hannu. Muryarsa ƙasa-ƙasa, mai kunya.

"Mama, ki yi haƙuri na ba ki aiki. Tun ina shekara goma sha biyu ba rigar da ta taɓa yi min daidai." Ya dubi Norb. "Baba, ba ta maƙiya ba ce wannan hular?"

Arlene ta ce, "Rabu da shi, ɗana. Saboda kai ya sa ta."

Lyle ya kawo kujera. Norb ya hau, ya kama kan igiyar, Arlene ta zagaya da sauran ta ɓace a bayan yaron. Can aka ji muryarta daga wancan gefen.

"Norb, nawa ka gani?"

Norb ya ɗaga kai yana kallon kafaɗun Amos.

"Norb!"

Ya ce, "Ba ni minti ɗaya, Arlene. Bari in gama kallo."