Ruwan Mahaifin Floarea

Ina tsakiyar rubuta rahoton karatuna, kai ya ɗau zafi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Floarea ce, maƙwabciyata 'yar Romaniya mai sharar ofisoshi, riƙe da bokiti cike da ruwa. Muna hawa na bakwai a Vaulx-en-Velin, nan Faransa, famfo na zuba a kowane ɗaki, ita kuma wai ruwa ta kawo mini.

"Babana ya rasu," in ji ta. "A garinmu sai an yi kwana arba'in ana kai wa maƙwabta ruwa. In ba a yi ba, da ƙishirwa mamaci zai yi tafiyarsa."

Ta ce garin nasu yana tsakanin tuddai biyu, ga gonakin tuffa, kowace mararraba da rijiyarta. Amma matasa duk sun watse Italiya da Sifen, tsofaffin da suka rage ko guga ba sa iya ja. Ita kuma takardunta na zama ba su fito ba, in ta je babu dawowa. Shi ya sa take yin sadakar a nan, ta ɗebo daga famfon tsakar gida, ta hau da ƙafa.

Na karɓa don kunya. Tana juya baya na tuttule shi a wurin wanke-wanke. Ashe bangon gidan nan bai fi kwali kauri ba, ta ji. Washegari ba ta zo ba.

Ni da na tashi a Damagaram, na san bin layin jarka, ni ce na zubar da ruwan sadaka! Abin ya tsaya mini a rai, karatu ya ƙi shiga. In zauna, in tashi, in leƙa taga. Kullum ina jin takunta a matakala, ana rufe mata ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Wani ma cewa ya yi zai kira mai gadi.

Ranar Asabar Hajiya Halimatou, uwar 'yan Nijar na unguwar, ta tara mu mata wajen sunan jikanta a hawa na uku. Na tarar da Floarea zaune a matakala da bokitinta, tana jujjuya guntun itacen da take yi wa tsaga duk ranar da aka karɓi ruwa. Kwana goma sha ɗaya, tsaga huɗu. Bakina ya kasa ba ta haƙuri, hannunta kawai na ja har wurin Hajiya.

"Hajiya, voisine ɗina ce, maƙwabciyata. Babanta ya rasu, sadakar ruwa taka yi. Kirista ce dai."

"Ke Kadidiatou, wa ya tambaye ki? Ɗauko gobelet."

Hajiya ta yi bisimilla ta sha, ta miƙa wa ta kusa da ita. Haka kofin ya yi ta zagayawa har aka ga gindin bokiti. Hajiya ta juyo gare ni.

"Ce mata gobe ta fara da ƙofata. Mi sunan tsohon?"

Na fassara. Floarea ta ce, "Ilie." Tun da ya rasu, duk faɗin Faransa babu wanda ya tambaye ta.