Tafin Hannu a Ƙarƙashin Matakala

"Baba, kama ni nan kada su ture ka," in ji Titus, yana kare Malam Bamalli daga masu rububin motar Abuja a tashar Suleja.

Tsohon ya fizge hannunsa. "Ni za a ture? Tun ba a haife ka ba nake hawa bayan tifa a nan wurin."

Gaskiyarsa kuwa. Shekara goma sha ɗaya Bamalli ya yi yana aikin birkila a Abuja, tun tana daji, lokacin da ma'aikata ke kwana a Suleja, da asuba a kwashe su kamar buhunan masara. Bahago ne, shi ya sa ake haɗa shi da abokinsa Nehemiya a bango ɗaya, wannan ya faro daga hagu, wancan daga dama, su haɗu a tsakiya. Ranar da Nehemiya ya faɗo daga hawa na tara ya rasu, matarsa na da cikin wata shida.

Cikin nan shi ne Titus, malamin makaranta a Izom, har ya fara furfura. Jiya ya yi sallama a ƙofar gidan Bamalli a unguwar Wambai. Uwarsa ta rasu bara, ba ta bar masa ko hoton ubansa ba, sai sunan abokinsa.

"Hoto kam babu," Bamalli ya ce masa. "Amma mu a zamaninmu, in mun gama filasta, mukan danna tafin hannu a inda injiniya ba zai gani ba. Nawa da na ubanka suna nan gefe da gefe, ƙarƙashin matakalar ginin da ya faɗo."

Titus bai yi barci ba. Shi ma tsohon, in za a faɗi gaskiya, bai yi ba.

Da suka wuce Dutsen Zuma, bakin Bamalli ya buɗe. Gadar nan da su aka zuba ta. Titin can, macizai suka kashe a wurin har suka gaji. Wani saurayi a kujerar baya ya cire abin jin waƙa daga kunnensa ya ce, "Baba, ashe kai ne mai garin." Mota ta kwashe da dariya, tsohon ma ya dara.

A bakin ginin dariyar ta ƙare. Hawa goma sha huɗu ne, an lulluɓe shi da gilashi, har Bamalli ya so ya kasa gane shi. Maigadi ya dube su sama da ƙasa.

"Oga, wa kuka zo gani?"

"Bango," in ji Bamalli.

"To a koma gida a ga bango."

Abin ya yi wa tsohon ciwo ƙwarai. Titus ya shiga roƙo, Hausa da Turanci, duk a banza. Ana haka wata mata ta fito da tarin makullai, Madam Folake, mai kula da ginin. Bamalli ya tare ta.

"'Yata, ɗakin ƙasa, kusurwar gabas, har yanzu yana tsattsafo da ruwa da damina?"

Ta tsaya cak. "Wa ya gaya maka?"

"Cikin ruwan sama aka tilasta mana zuba kankaren. Mun faɗa, ba a ji ba."

Ta dube shi ta sake dubawa, sannan ta rubuta sunayensu a littafin baƙi da kanta, ta yi musu jagora.

Ƙarƙashin matakalar duhu ne, sai warin man janareta. Titus ya kunna fitilar wayarsa. Bamalli ya durƙusa da ƙyar, yana shafa bango, sai hannunsa ya tsaya wuri ɗaya. An tsaga filastar an ratsa wani ƙaton bututu, daidai inda hannun Nehemiya yake. Ko yatsa ɗaya bai tsira ba. Tafi ɗaya ne ya rage a gefe, na hagu, na Bamalli.

Ya buɗe baki zai faɗa, amma Titus ya riga ya zube a gwiwa. A hankali ya ɗora hannunsa na hagu cikin gurbin, sai ya zauna daram.

"Baba, ashe shi ma bahago ne!" in ji Titus. "Kakata ta sha bugun hannun nan don in daina rubutu da shi. Ba wanda ya taɓa gaya mini gado na yi."

Ya jingina goshi da bangon yana kuka, ƙato da shi, ba ko kunya. Madam Folake ta kau da kai.

"Naka ne bututun ya ci, ko Baba? Sannu," in ji Titus.

Bamalli bai taɓa iya ƙarya ba, matarsa Luba ma takan ce fuskarsa ke tona shi. Allah ya taimake shi wurin da duhu. Ya tuna Nehemiya yana dariya, yana goge siminti a wandonsa, yana cewa in namiji aka haifa zai kawo shi ya gani.

"Ubanka mutumin kirki ne," ya ce. "Ɗauki hoton da kyau."

Titus ya ɗauka har sau biyar.

A bakin ƙofa maigadi ya turo littafin baƙi, wannan karon da ladabi. "Sai kun sa hannu kafin ku fita."

Titus ya sa nasa da hagu, yana murmushi, ya miƙa wa tsohon biro. Hannun Bamalli na hagu har ya taso, sai ya mayar da shi aljihu. Ya karɓa da dama, ya ja wani karkataccen layi kamar tafiyar tsutsa.

"Baba, hannunka rawa yake yi," in ji Titus.

"Tsufa ne, ɗana. Mu je kada mu rasa mota."