Shekarar da Mahmudu Ya Hana Yaɓe

Tun kafin a yanka filayen Tudun Wada akwai wata tsohuwar zawiya a bakin kogin Kubanni, inda malamai ke shiga halwa. Da Turawa suka zo malaman suka watse, aka bar Malam Mahmudu, jikan wanda ya gina ta, yana tsaron abin kakansa. Ginin kuwa, wallahi sai wanda ya gani. Bakan gizo huɗu masu ɗauke da rufi sun haɗu a tsakiyar soro, azara a jere kamar haƙoran matsefi, ga ɗakunan halwa marasa taga sun ba kogi baya.

Ana nan sai ga wani mai jar dara, wai shi Isiyaku, ɗan aiken Bature. Ya yi sallama, ya kewaya, yana ƙwanƙwasa bango.

"Malam, duk shekara kuke yaɓe?"

"Me ya kawo tambaya?" in ji Mahmudu.

"Ba komai. Ginin ne ya ba ni sha'awa."

Wai ba komai! Mahmudu ya shiga gida rai a ɓace, ya ce wa matarsa Talatu, "Ruwa ba ya tsami banza. Wurin tara auduga suke nema. In suka ga gini lafiyayye, sun ƙwace ke nan. Bana babu yaɓe, a bar shi ya yi kama da kango, su raina shi."

"Haba Malam! Soron ƙasa babu yaɓe, ga damina a ka?"

Ina! Mahmudu in ya kafe, ko jaki albarka. Maƙwabta suka zo da ƙasa da makuba yadda aka saba, ya sallame su, har yana zargin wani a cikinsu shi ke kai wa Bature tsegumi. Ciyawa ta tsiro a rufi, indararo ya toshe, shi kuwa murna yake yi. Abin haushi!

Marka ta kankama. Wata safiya baka ɗaya ya karye, sauran suka bi shi, soro ya zauna.

Da kaka Isiyaku ya dawo, 'yan awo na biye da turaku. Ya daɗe yana kallon tarin ƙasar.

"Ayya, Malam. An ce in duba, in ana gyara wurin yana da mai shi, a ƙyale. In kango ne, a haɗa da filin da za a yanka. Wancan zuwan na shaida musu ana gyarawa. Yau me zan ce?"

'Yan awo suka sauke kayansu.