Idanun Likita Meng

"Cire gilashin nan mu ga fuskarka," in ji Gwaggo Kuang, mai gidan hayar, tana nuna shi da ludayi. "Ko rana ba ta fito ba ka ƙwama baƙin gilashi kamar mai zuwa fashi."

Likita Meng bai cire ba. Yana tsaye a ƙofar kicin ɗin da su bakwai suke girki a ciki, sanye da kwat mai ruwan toka, wuyansa yana yawo a cikin kwalar riga. Tong kuku, wanda allon katako kawai ya raba ɗakinsa da na Meng, yana zaune yana kurɓar kunun shinkafa.

"Ƙyale shi, Gwaggo," Tong ya ce. "Yau Amurka za ta karɓi babban likitanta. Daga gobe sai ki nemi wani ya matsa miki diddige."

Aka kwashe da dariya. Meng ma ya ɗan murmusa, don ya saba.

Shi dai a Lanzhou, can ƙasarsu, shekara goma sha huɗu ya yi yana fiɗa, har layi ake bi a gan shi. Da ya zo Flushing, unguwar da suke zaune a Amurka, sai aka ce duk wannan ba ya cikin lissafi. Ya zauna jarrabawa uku ya ci, amma kafin a bar shi ya duba mara lafiya sai wani asibiti ya ɗauke shi ya sake koyo daga tushe, kamar yaron da ya fito makaranta jiya. Kowace kaka sai ya aika takardu asibitoci fiye da ɗari. Shekara tara ba wanda ya kira shi, wai ya daɗe da gama karatu. Matarsa ta gaji ta koma gida da 'yarsu. Shi kuwa ya samu aiki a wani shagon tausar ƙafa a ƙarƙashin ƙasa, inda yake durƙusa tun safe. Bana ne wani ƙaramin asibiti, tafiyar awa biyar a mota, ya ce ya zo su gana da ƙarfe ɗaya. Tong ya yarda ya kai shi a motar gidan abincin da yake wa girki, don ranar hutunsa ce, kuma ya san zai dawo da labarin da za a yi mako ana dariya.

Ba su yi awa biyu a hanya ba Meng ya ce a tsaya. Ya fita ya yi amai a gefen titi. Da aka sake tsayawa, Tong ya zagayo ya fizge gilashin.

Idanun sun yi rawaya kamar kwaiduwa.

"Kai! Tun yaushe?"

"Idon, sati biyu. Abin da ke ciki kuwa tun bazara." Meng ya goge baki da hankici. "Hanta ce. Na taɓa da hannuna, kowane wata tana ƙara saukowa."

"Ka je asibiti?"

"Yanzu ina muka nufa?"

"Ban son iskanci, Meng. Mutuwa fa kake yi!"

"Ni zan gaya maka wannan, ba kai ba. Yaya Tong, in na kwanta, shi ke nan, ba wanda zai ɗauki mai jinya. A watan Maris suke fitar da sunaye. In na yi sa'a zan kai Maris. Ba sai na fara aikin ba. Ni dai in ga sunana a takardarsu, in aika wa 'yata ta gani. Ba ni gilashina."

"To in suka ce ka cire fa?"

"Zan ce aikin ido aka yi min, haske yana damuna. Na haddace yadda zan faɗa."

Tong ya san ya haddace. Wata guda ke nan yana jin sa ta bayan allo kowace safiya, yana maimaita amsoshi da Turanci kamar mai roƙon ruwa. Ya miƙa masa gilashin.

Ɗakin ganawar ƙofar gilashi gare shi, don haka daga bencin da aka zaunar da shi Tong ya ga komai. Wata likita ce a ciki, da kaɗan ta girmi 'yar Meng. Meng ya shiga a tsaye ƙyam. Ya fito da katinsa ya miƙa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Sai kuma hannunsa ya tashi da kansa ya zare gilashin, don tun yana yaro aka koya masa ba a gaida na gaba da fuska a rufe. Tong ya ga lokacin da Meng ya tuna da idanunsa. Hannun ya tsaya a sama da gilashin.

Matar ba ta ko duba katin ba. Ta zagayo teburin, ta ɗaga masa haɓa, ta ja fatar idonsa ƙasa. Meng yana ta magana, waƙar nan dai da Tong ya sani, ita kuwa tana danna waya. Kafin minti goma an kawo keken marasa lafiya. Da aka turo shi ta gaban bencin, ya ce da harshensu, "Ko tambaya ɗaya ba ta yi min ba."

A hawa na uku aka ba shi gado.

Da ranar hutunsa ta zagayo, Tong ya koma da miyar ƙashi a kula. Ya tarar da babban likitan sashen a tsaye da yara shida masu koyon aiki, an yaye wa Meng riga, cikinsa ya kumbura yana ƙyalli. Irin wannan hanta ba kullum ake samunta ba, shi ya sa aka jero su kowa ya taɓa. Na uku wani dogon yaro ne, yana ta lalube a sama kamar mai neman makulli a aljihu. Meng ya kama hannunsa, ya saukar da shi ƙasa daura da cibiya, ya kwantar masa da yatsu, ya ja numfashi a hankali don gefen hantar ya zo ya buge su. Idon yaron ya buɗe, ya ji.

Babban ya faɗi wata magana yana dafa kafaɗar Meng, yaran suka yi dariya, suka wuce gado na gaba.

"Me ya ce?" Tong ya tambaya.

"Ya ce in kwanta in huta, likitoci sun isa a ɗakin."

Bai sha miyar ba. Ya roƙi Tong ya sauke masa rigar.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ranar Alhamis da la'asar, Tong yana gaban kasko, aka kira shi a waya aka ce Meng ya rasu. Gawar ba ta ma iso Flushing ba Gwaggo Kuang ta sa sabon ɗan haya a ɗakin, wani mai gyaran firiji. "Ɗaki ba ya zaman makoki," in ji ta.

Tong ne ya je shagon masu shirya jana'iza, tunda ba wani. Mai shagon, wani mai sanƙo, yana cika takardar mutuwa a kwamfuta, yana tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"Shekaru?"

"Hamsin da ɗaya."

"Iyali?"

"Suna gida."

"Sana'a?"

"Tausar ƙafa," in ji Tong. Bakinsa ne ya riga shi.

Mutumin ya ci gaba da tambayoyinsa, akwati ko ƙona gawar, wane lokaci, mutum nawa za su zo. Tong ya zaɓi ƙonawa. Sai da Tong ya miƙe zai fita abin ya dawo masa.

"Maigida, wajen sana'ar nan. A gyara. Likita ne."

"Likita a ina?"

"A Lanzhou. Fiɗa yake yi."

Mai sanƙo ya yi dariya ta hanci. "Ɗan'uwa, rabin waɗanda nake wankewa a titin nan likitoci ne a gida. Na riga na tura. Ka zo ranar Litinin ka karɓi tokar."

Tong ya fito ya shiga mota. Ya sa makulli amma bai murɗa ba. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, tana taruwa a kan gilashin gaba kaɗan-kaɗan, har ya daina ganin titi.