Rautar da Aka Kulle a Kabad

"Kin gani? Kin sake yin shiru!" in ji Shafkat daga Doha, fuskarsa na daskarewa a allon waya. "Na tambaye ki ko kina kewata, sai da kika tsaya tunani!"

"Wallahi nan take na amsa! Muryata ce ke makara a hanya!"

Kafin rantsuwar ta isa gare shi ya kashe wayar. Mahjabin ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Tun da mijinta ya bar garinsu Silet haka ake fama: ta furta so da zafinsa, ya isa can ya huce.

Ta tashi neman rautar gidan, na'urar da ke ba su intanet, ba ta kan tebur. Ta bi igiyarta har cikin kabad ɗin ƙarfen surukarta. Ga tsohuwar na'urar a naɗe cikin mayafi, tsakanin sarin aure da gwangwanin biskit, ta yi zafi kamar tukunyar shinkafa.

"Ammu!" ta ƙwala wa surukar kira. "Wa ya kulle ta a nan?"

"Ni ce, 'yar nan. Kayan tsada ake bari a fili da damina?" Tsohuwar ta ci gaba da taunar ganyen pan, wanda suke ci kamar goro.

"Ƙarfe ya shaƙe ta! Ɗanki na can yana zaton na daina sonsa!"

"Oho. Mu a zamaninmu wasiƙa watanni take yi a hanya, wa ya mutu?"

Mahjabin ta fizgo rautar.

"To yau a bangon falo zan kafa ta, tsirara, kowa ya gani! In ta sake makarar da ni, awarwarona zan sayar in kawo sabuwa!"