Lambar Iri

Duk dannawar da Malama ta yi, sunaye iri ɗaya kwamfuta ke zubowa, na ɗan Shugaban ofishinsu a sama.

Aikinta a ofishin shi ne duba ƙuri'ar guraben karatu kyauta kafin ta sa hannu. Masu nema sun yi yawa, guraben ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa ake bar wa kwamfuta zaɓi. Akan ba ta wata lamba, lambar iri, ta fara canke da ita. Muddin lambar ba ta canza ba, sakamakon ba zai canza ba, ko wa ya gwada.

Dogo, wanda ya tsara ƙuri'ar, yana tsaye a kanta yana kaɗa makullin mota.

"Kin gani ko, Malama? Kowa ya maimaita, haka zai samu."

Ita dai hankalinta bai kwanta ba. Ta san Dogo farin sani, rago ne na ƙin ƙarawa. Shekara da shekaru lambar irinsa 1 ce, don kada ya wahalar da yatsa. Yau kuma ga wata doguwa kamar lambar waya. Ruwa ba ya tsami banza.

"Ina ka samo wannan?"

"Haka ta zo mini a rai."

Ta goge, ta sa 1. Ɗan Shugaba ya ɓace. Ta sa wata, babu shi. Ta sake wata, ko ƙeyarsa.

"Lambobi nawa ka gwada kafin ya fito?"

Makullin ya daina kaɗawa. Dogo ya jawo kujera ya zauna.

"Samun ɗan Shugaba ba wuya, kafin shayina ya huce an gama. Lambar da za ta haɗa mutum biyu ce ta ba ni ciwon kai. Mayar da tawa, ki karanta har ƙasa."

Ta mayar. Ashe tun ɗazu idonta bai wuce layin farko ba. Can ƙasa ga sunan ƙaninta, autansu, wanda ya nema har ya gaji, wanda kullum Inna ke tambayarta zancensa.

Ta ji haushi, ta ji kunya, sannan ta ji daɗi, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro.

Dogo ya ajiye biro kusa da hannunta.

"Kowa ya maimaita, haka zai samu," ya ce a hankali, ya fita.

Ta daɗe tana kallon biron. Can wayarta ta fara ruri a kan tebur. Inna ce.